Haddar kalmomin Turanci bisa yawan haruffa: akwai riba ko ɓata lokaci ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen malamai. Na samu wani jeri a intanet na kalmomin Turanci da aka kasa bisa yawan haruffa, masu haruffa uku daban, masu huɗu daban, masu biyar daban, har zuwa dogayen nan masu goma sha wani abu, kowace kalma da ma'anarta a gefe. Niyyata in fara daga masu uku in haddace su, in na gama in hau masu huɗu, a haka har in kai ƙarshe. A ganina gajerun za su fi sauƙi, kuma zan riƙa ganin inda na kai. Ko akwai wanda ya taɓa bin wannan hanya? Ta ɓulle da shi?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka fara, amsa mini tambaya ɗaya: me kake so ka yi da kalmomin? Wasa za ka ci da su, ko karatu da rubutu kake so su gyaru?

Mai Neman Sani:
Karatu da rubutu ne, Malama. In na ɗauki jarida ko littafi sai in yi ta tuntuɓe da kalmomin da ban sani ba, kafin in gama shafi na gaji da buɗe ƙamus.

Malamar Firamare:
To in haka ne wannan jeri ba naka ba ne. An yi shi ne don masu wasan haɗa kalmomi da masu cike gurbi, waɗanda ke da gida biyar ko shida a gabansu suna neman abin da zai shiga. Shi mai karatu ba ya cin karo da kalmomi a jere bisa tsawo. A jimla ɗaya za ka ga mai harafi ɗaya, mai biyu, mai tara, duk a cakuɗe.

Sarkin Gardama:
Malama, ban yarda ba. Ke da kanki da me kike fara koya wa yara? Ba cat da pen da sit da dog ba ne? Duk masu haruffa uku. In tsawo bai da amfani, me ya sa ba kya fara musu da government?

Malamar Firamare:
Ai na san za ka zo ta nan. Ba don suna da haruffa uku ake farawa da su ba, don tsarin sautinsu ne: baƙi, wasali, baƙi, kuma kowane harafi yana faɗin sautin da aka san shi da shi. Yaro ya iya c da a da t, sai ya haɗa da kansa. Yanzu ga wasu masu haruffa uku, ka ba yaro ya haɗa mu gani: one, two, eye, who. A cikin one babu w a rubuce amma da w ake fara furta ta. A cikin two akwai w a rubuce amma ba a furta shi. Ita eye kuwa, haruffa uku ne amma furucinta daidai yake da I mai harafi ɗaya. Irin waɗannan sai dai yaro ya gane su da ido, shi ya sa tun 1936 Edward Dolch ya fitar da jerin kalmomi 220 da ake so yaro ya shaida da gani kawai, kuma bisa yawan fitowarsu a littattafan yara ya zaɓe su, bai duba tsawo ba.

Tsohon Malami:
Madalla da wannan bayani, Malama. Bari in ɗora, domin kuskuren da ɗana mai tambaya zai faɗa ya fi na furuci girma. Ya ɗauka gajeriyar kalma ita ce mai sauƙi. A Turanci sau da yawa akasin haka ne.

Ɗauki set. Haruffa uku. A bugu na biyu na babban ƙamus na Oxford, wanda ya fito a 1989, aikatau ɗin set kaɗai yana da ma'anoni 430. Da aka sake bitar run a 2011, sai aka ƙirga mata 645 a matsayin aikatau, ta ture set daga kan kujera. To wace ma'ana jerinka ya rubuta a gefen run? Na tabbata gudu ya rubuta. Kai kuma ka haddace gudu, ka wuce. Gobe ka buɗe jarida ka ga an ce wani runs a company, ma'ana yana tafiyar da kamfani. Ka ga an ce wani zai run for office, ma'ana zai tsaya takara. Ka ga the river runs south, kogi na kwarara kudu. Ka ga we have run out of time, lokaci ya ƙure mana. Ka ga the contract runs for two years, yarjejeniyar za ta yi aiki shekara biyu. Ina gudu a nan?

Yanzu ɗauki thermometer, haruffa goma sha ɗaya. Ma'anarta ɗaya ce, na'urar auna zafi. Ka koye ta yau, ka gama da ita har abada. Wacce ce mai wahala tsakaninta da run?

Ban ma taɓo inda gajerun ke haɗuwa da juna su haifi wata ma'ana dabam ba. Put ka san ta, up ka san ta, with ka san ta, amma put up with na nufin jurewa. Give up sallamawa ne ko dainawa. Take after shi ne ɗa ya yi kama da mahaifinsa ko wani nasa. Get over warkewa ne daga ciwo ko baƙin ciki. Babu jerin tsawo da zai nuna maka waɗannan, domin shi kalma ɗaya ɗaya yake gani.

Auta:
Baba Malam, 645 fa ka ce? Ni da na ɗauka na gama da run tun ina aji biyu. Ashe ko gaisawa ba mu yi ba.

Sarkin Gardama:
Baba, da girmanka, amma misalan da suka dace da kai ka tsinto. Masana ƙwaƙwalwa sun gwada wannan abu. A 1975 Alan Baddeley da abokan aikinsa sun nuna cewa mutum ya fi riƙe jerin gajerun kalmomi a kan jerin dogaye. Wannan gwaji ne, ba ra'ayi ba.

Tsohon Malami:
Gwajin gaskiya ne, ɗana, na kuma ji daɗi da ka kawo shi. Amma duba abin da aka gwada. Ana karanta wa mutum kalmomi kaɗan da ya riga ya sani, sai a ce ya maimaita su nan take a jere. Riƙo ne na 'yan daƙiƙu, irin wanda kake yi wa lambar waya kafin ka rubuta ta. Ba a gwada koyon sabuwar ma'ana ba. Na biyu, abin da suka danganta sakamakon da shi lokacin furuci ne, wato mutum yana riƙe abin da zai iya faɗa cikin kimanin daƙiƙa biyu. Lokacin furuci kuwa da yawan haruffa ba su tafiya tare a Turanci. Strengths haruffa tara ce, gaɓa ɗaya. Idea haruffa huɗu ce, gaɓa uku. Through haruffa bakwai, sauti uku kacal. Knight haruffa shida, sauti uku, domin k da gh da ake furtawa a tsohon Turanci sun mutu a baki sun zauna a takarda.

Mu da muka taso da rubutun boko na Hausa, inda kusan abin da ka rubuta shi kake furtawa, muna da saurin ɗaukar cewa ƙirga haruffa ƙirga nauyin kalma ne. Ko a Hausar ma sh da ts haruffa biyu ne a ido, sauti ɗaya a kunne. Turanci ya ninka mu a wannan sau da yawa.

Mai Kwamfuta:
Bari in shigo da lissafi, don ina ganin akwai ɗan abin da Sarkin Gardama ya hango wanda yake da tushe, ko da bai faɗe shi daidai ba. Akwai alaƙa ta gaske tsakanin gajarta da yawan amfani. George Zipf ya yi bayaninta tun 1935: kalmomin da aka fi yawan faɗa su ne suka fi gajarta. A tarin rubutun Brown, wanda aka haɗa daga rubuce-rubucen Amurka na 1961, kimanin kalma miliyan ɗaya, the kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin ɗari. Masu bi mata su ne of, and, to, a, in. Ba doguwa ko ɗaya a sahun gaba.

Matsalar ita ce zancen ba ya juyuwa. Kalmomin da aka fi amfani da su gajeru ne, amma gajerun kalmomi mafi yawansu ba a amfani da su. Wasan Wordle shi ne hujja mafi sauƙi. Josh Wardle ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Kalma mai haruffa biyar ake nema, gwaji shida ake ba ka. A farkon fitowarsa, kalmomin da wasan ke karɓa a matsayin gwaji sun kusa 13,000, amma jerin amsoshi na asali 2,315 ne kawai, saboda an zauna an tace, an zubar da duk wadda mai jin Turanci na yau da kullum ba zai gane ba. Wato cikin kowace kalma biyar ko shida masu haruffa biyar, ɗaya ce kawai aka ga ta isa a tambayi mutane. In ka buɗe cikakken jerin na asali daga farko, za ka fara da aahed, aalii, aargh. Ita aalii wata 'yar bishiya ce da sunanta ya fito daga harshen Hawai. Can gaba za ka ga crwth, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na mutanen Wales. Mai Neman Sani, a wace jarida za ka gamu da su?

Mai Neman Sani:
Kai! Jerin nawa ma da irin waɗannan ya fara a masu biyar. Na ɗauka ni ne Turancina bai kai ba.

Mai Kwamfuta:
Ko Baturen Ingila bai san su ba, sai in ɗan wasa ne.

Ɗan Scrabble:
To, an taɓo mu. Tun ɗazu ina karantawa ina jiran a kira sunan 'yan wasa. Ku bar ni in kare sana'ata kafin ku binne ta.

A wajenmu 'yan Scrabble, wasan da ake jera haruffa a allo a haɗa kalmomi don cin maki, tsawo shi ne komai. Haruffa bakwai ne a gabanka a kowane lokaci, in ka zuba su duka a wasa ɗaya ana ƙara maka maki 50. Saboda haka muke haddace masu bakwai da masu takwas. Muna kuma haddace masu haruffa biyu kaf, domin da su ake manna kalma a jikin wata. A jerin Collins na kalmomin da aka yarda da su a wasan, wanda ake gasa da shi a mafi yawan ƙasashe in ka cire Amurka da Kanada, masu haruffa biyu sun haura ɗari da ashirin. Qi tana nan, kalma ce daga Sinanci mai nufin ƙarfin rai, kuma ita ce ke ceton wanda Q mai maki goma ya maƙale wa babu U. Akwai aa, wani irin busasshen aman dutse mai kaushi. Akwai jo, masoyi a bakin mutanen Sikotland. Akwai xu, ƙaramin kuɗin Biyetnam.

Masu bakwai kuma ba ma ma haddace su yadda aka rubuta. Jera haruffan muke yi bisa abacada, misali AEINRST, sai ka san duk abin da ke fita daga ciki: retains, retinas, nastier da sauransu. Wannan hanya tana aiki, kada wani ya ce muku ba ta yi. Da irin wannan shiri Wellington Jighere na Nijeriya ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin.

Sarkin Gardama:
Yauwa! Ga shaida daga mai yi. Kun ji hanya tana aiki.

Ɗan Scrabble:
Dakata, Yaya, ban gama ba, kuma sauran zancen ba zai yi maka daɗi ba. Tana aiki wajen cin wasa. Ma'ana kuwa ba a ba da maki a kanta. Ba wanda zai tambaye ka me xu take nufi, in tana cikin jeri an wuce wurin. Ni kaina akwai tulin kalmomin da zan zuba a allo ba tare da shakka ba, amma ka ce in sa su a jimla sai in yi shiru. Babban misali shi ne Nigel Richards, mutumin New Zealand, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin ɗan wasa kamarsa ba. A 2015 ya ci gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin 'yan makonni. A 2024 ya sake yin haka a ta Sifaniyanci. To in burin Mai Neman Sani ya zama haka ne, ya zo in ba shi jeri. In jarida yake so ya karanta, ya bi Malama.

Auta:
Wato ya ci gasa da harshen da ko ruwa ba zai iya roƙa da shi ba. Allah mai iko.

Malamar Firamare:
Akwai wata illa da ba a ambata ba, kuma ita ce na fi gani a aji. Jerin da aka tsara bisa tsawo, aka kuma jera bisa abacada, yana tara maka kalmomi masu kama da juna a wuri ɗaya. Adapt, adept, adopt, duk biyar biyar, kusan a jere. Angel da angle. Trail da trial. Quiet da quite. Dairy da diary. A masu shida ga affect da effect, accept da except, advice da advise. Mai koyo ya haɗiye su a zama ɗaya, bayan mako sai su cakuɗe masa, ya san ɗaya mala'ika ce ɗaya kusurwa amma ya rasa wacce ce wacce. Masu binciken koyon harshe, irin su Batia Laufer, sun daɗe suna rubutu a kan wannan ruɗani na kalmomi masu kama a siffa. Abin da ya fi shi ne ka koyi ɗaya ta zauna daram, ka yi ta ganinta a jimloli, sannan daga baya ka kawo 'yar uwarta ka kwatanta. Jerin tsawo yana yi maka akasin haka, kamar mai jera littattafai bisa kaurinsu, ga kyau a ido amma ranar da kake neman na lissafi sai ka sauke duka.

Mai Neman Sani:
Malama, quiet da quite har gobe sai na tsaya na yi tunani. To dogayen fa? Su ne suka fi ba ni tsoro, shi ya sa na so in bar su a ƙarshe.

Tsohon Malami:
Dogayen su ne ya kamata su fi kwantar maka da hankali, ɗana, domin mafi yawansu ginannu ne, kuma abin da aka gina ana iya kwance shi. Akwai saiwa, akwai ɗafa-goshi, akwai ɗafa-ƙeya. Help haruffa huɗu, taimako. Helpful bakwai, mai taimako. Unhelpful tara, marar taimako. Unhelpfulness goma sha uku, rashin taimako. A jerinka waɗannan huɗun suna shafuka huɗu dabam, za ka gamu da su watanni a tsakani, alhali gida ɗaya suka fito. Haka nation, national, international, har internationalisation mai haruffa ashirin.

Akwai tarihi a bayan wannan. Tushen Turanci harshen wasu ƙabilu dangin Jamusawa ne da suka ƙaura zuwa tsibirin Birtaniya, kuma kalmominsa na asali galibi gajeru ne: man, house, eat, go, come, good. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ƙarnoni, sannan malamai suka yi ta ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci. Shi ya sa za ka ga abu ɗaya da kalmomi uku, kowace da matsayinta: ask, question, interrogate. Rise, mount, ascend. Fire, flame, conflagration. Ta farko ta gida ce, ta ƙarshe ta littafi ce ko ta kotu. Ka tambayi abokinka, ask ne. 'Yan sanda su titsiye wanda ake tuhuma, interrogate ne. Nan tsawo yana gaya maka wani abu na gaske, amma game da asali da matsayin kalma, ba game da sauƙinta ba.

Saiwoyin Latin da Girkanci kuwa ba su da yawa in aka kwatanta da kalmomin da suka haifa. Port ɗauka ne: import shigo da kaya, export fitar da kaya, transport sufuri, portable abin da ake iya ɗauka, porter ɗan dako. Spect duba ne: inspect, spectator, prospect. Tele nesa, graph rubutu, bio rai, phon sauti. Ka riƙe irin waɗannan, sai dogayen kalmomi su fara buɗe kansu tun kafin ka taɓa ƙamus. Ba kullum hasashen ke dacewa ba, understand ba tsayuwa a ƙarƙashi take nufi ba, amma yana dacewa sau da yawa.

Auta:
Baba Malam, tunda an zo nan, wace kalma ce ta fi kowace tsawo? An ce akwai wadda sai ka huta a tsakiya.

Mai Kwamfuta:
Wadda aka fi ambata a manyan ƙamusoshi ita ce pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, haruffa 45. An ce ciwon huhu ne da shaƙar ƙurar silika mai laushi ke jawowa. Amma ƙirƙirar ta aka yi a 1935 a cikin wata ƙungiyar masu wasan kacici-kacici ta Amurka, da gangan don ta zama mafi tsawo. Likitoci silicosis suke cewa. Sai floccinaucinihilipilification mai 29, ɗaukar abu ba a bakin komai ba, da antidisestablishmentarianism mai 28, adawa da raba cocin Ingila da gwamnati.

Tsohon Malami:
Kin ga ko ita dodon ta kwantu in kin bi ta gaɓa gaɓa, 'yata. Pneumono huhu, ultra wuce iyaka, microscopic ƙanƙanta ainun, silico sinadarin da ke cikin yashi, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis cuta. Wanda ya san guntayen ya karanta ta, ko bai taɓa ganinta ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Bawan Allah ya ce yana so ya karanta jarida ba tare da tuntuɓe ba. An gaya masa abin da zai bari, ba a gaya masa abin da zai kama ba.

Malamar Firamare:
Gaskiyarka, Shugaba. Ƙanena, in jeri kake so, nemi wanda aka tsara bisa yawan amfani. Michael West ya fitar da nasa a 1953, kimanin kalma 2,000 da suka fi yawo a rubutu, an kuma sabunta irinsa daga baya. Akwai Oxford 3000 da ke kyauta a intanet. In karatun jami'a ne a gabanka, akwai jerin Averil Coxhead na shekarar 2000, iyalan kalmomi 570 da suka fi fitowa a rubutun ilimi, irin su analyse, concept, establish, significant. Ka lura da cewa iyali aka ce, wato saiwa da 'ya'yanta, kamar yadda Baba ya nuna.

Iyalai dubu biyu na farko suna rufe wajen kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum. Amma kada wannan ya ruɗe ka, kashi 80 na nufin kalma ɗaya cikin biyar ba ka sani ba, kuma da haka karatu ba ya daɗi. Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa kafin mutum ya san kashi 98 na kalmomin jarida ko littafin labari, yana bukatar iyalai 8,000 zuwa 9,000. Wannan ba aikin hadda kaɗai ba ne. Dubu biyu ko uku na farko ka yi musu hadda, sauran karatu ne zai kawo su, in ka zaɓi abin da bai fi ƙarfinka sosai ba.

Kuma kada ka rubuta kalma tsirara da fassara ɗaya a gefe. Rubuta ta da jimlar da ka tsince ta a ciki, da kalmomin da take tafiya da su. Ana cewa make a mistake, ba a cewa do a mistake. Ana cewa heavy rain, ba a cewa strong rain. Wannan ma rabin sanin kalma ne.

Mai Kwamfuta:
Ƙari a kan na Malama, batun mantuwa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farko, sannan zubar ta ragu, kuma bita a tazara tana rage asarar. Sebastian Leitner ya mayar da wannan tsarin katuna da akwatuna a 1972: katin da ka ci ya matsa akwatin gaba inda za ka daɗe ba ka gan shi ba, wanda ka faɗi ya koma na farko. Manhaja irin Anki haka take yi da kanta. Da takarda da almakashi ma ana yi.

Sarkin Gardama:
Na ji duka, amma har yanzu ina kan bakata a abu ɗaya. Kun raina abin da ke sa mutum ya ci gaba. Jerin tsawo yana da farko yana da ƙarshe, mutum yana ganin ya gama masu uku ya shiga masu huɗu, zuciyarsa ta yi fari. Wasan haruffa biyar ɗin nan da kuke misali da shi, mutane nawa ne ya sa suke tunanin kalmomi kowace safiya waɗanda da ba za su buɗe ƙamus ba? Hanyar da mutum zai bi kullum ta fi kyakkyawar hanyar da zai yar bayan mako biyu.

Malamar Firamare:
A wannan ban musa maka ba. Wasan yana koyar da abin da jeri ba ya koyarwa, wato waɗanne haruffa ne ke yarda su zauna kusa da juna a Turanci, ina ake sa e a ƙarshe, me ke iya bin s a farkon kalma. Rubutun mutum yana gyaruwa da shi. Sharaɗi ɗaya ne, in amsa ta fito ya buɗe ƙamus ya ga ma'anoninta duka. Crane da mutane ke son farawa da ita, tsuntsu ne dangin gauraka, kuma injin ɗaga kaya ne, kuma miƙa wuya ne don leƙe. Grave kabari ne, kuma abu mai tsanani. Novel littafin ƙagaggen labari ne, kuma sabon abu. Kalma ɗaya a rana da ma'anoninta uku ta fi hamsin da aka bi ta kansu a guje. Jerin yawan amfani ma ai yana da matakai, dubu na farko, dubu na biyu, in matakala kake nema.

Ɗan Scrabble:
A kuma yi hattara, tsawon ma ba tabbas gare shi ba. Colour shida ce a Ingila, color biyar a Amurka, tun da Noah Webster ya daidaita rubutun Amurka a ƙamusunsa na 1828. A farkon 2022 da favor ta fito amsa a Wordle, Turawan Ingila sun yi ta ƙorafi, domin a wajensu favour haruffa shida ce, ba ta ma cancanci shiga ba. Mai haddar jeri sai ya fara tambayar jerin na wace ƙasa ne.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan sauko da Oxford 3000 in fara cire waɗanda na sani, sauran in yi musu katuna da jimloli. Malama, ga gwaji, a duba mini: The family decided to adopt the child. It took him a year to adapt to the cold weather. She is adept in solving problems.

Malamar Firamare:
Biyun farko daidai suke, adopt ɗaukar riƙo, adapt sabawa da sabon yanayi. Ta uku ma an fahimta kuma ana samun adept in, amma adept at ta fi yawa in aikatau mai ing ya biyo baya, sai ka rubuta adept at solving problems a katinka. Kuma ka raba katunan nan uku, kada su shiga bita rana ɗaya.

Auta:
Yaya Ɗan Scrabble, tambaya ta ƙarshe kafin Shugaba ya kore mu. OK kalma ce a wasanku ko a'a? An taɓa hana ni ita.

Ɗan Scrabble:
Da can ba a karɓarta, wanda ya hana ki yana da gaskiya in tsohon jeri yake riƙe da shi. Ta shiga ƙamus ɗin 'yan wasa na Amurka a 2018, ta shiga Collins a 2019. Maki shida ce, O ɗaya, K biyar. In za ku sake bugawa ku fara yarda a kan bugun da za ku bi kafin a ɗebi haruffa.